Wata Shida a Kujerar Mai Gwada Manhaja

Ka tsaya minti goma a gaban laimar wani mai POS a bakin Kasuwar Wunti ta Bauchi, da wuya ka bar wurin ba ka ji wannan musu ba. Mai saye na nuna fuskar wayarsa: "Malam, ga shi fa an cire." Mai POS na girgiza kai: "Alhaji, ni dai ban ga alat ba." Babu maƙaryaci a cikinsu. Kuɗin sun bar wannan asusu, ba su sauka a wancan ba, sun maƙale a tsakanin manhajoji biyu ko uku da wasu suka rubuta a Legas ko a wata ƙasa. A farkon 2023, da canjin takardun Naira ya tura kowa kan tiransifa, wannan musu ya zama ruwan dare. To akwai sana'ar da aikinta shi ne hango irin wannan maƙalewa tun manhaja ba ta shiga hannun jama'a ba. Sunanta gwajin ingancin manhaja, 'yan ofis na ce mata QA, kuma ita nake ba ɗalibin kwamfuta da zai fita IT shawarar ya nema da bakinsa.

Na ce da bakinsa domin ba kasafai ake tallata kujerar ba. Hukumar ITF mai hedikwata a Jos, wadda aka kafa a 1971, ita ta ƙirƙiro shirin SIWES, wanda ɗalibai ke kira IT, a 1973, bayan masu masana'antu sun yi ta kukan cewa ɗalibai na fitowa da ilimin allo, hannunsu bai taɓa aiki ba. Ɗalibin jami'a kan yi wata shida, na ND wata huɗu. Amma duk wanda ya ga ayarin da ke fitowa kowace shekara daga ATBU, Yelwa da Gubi, da Federal Poly ta Gwallameji, da Tatari Ali, ya san yadda wata shidan ke ƙarewa ga da yawa: ɗaukar fotokwafi, kallon silin, da aiken sayo wa oga masa. A ƙarshe a cika logbuk da ƙarya a dare ɗaya.

Kamfanonin da sana'arsu rubuta manhaja ce zalla ba su da yawa a Bauchi, wannan gaskiya ne. Sai dai manhajar da ke buƙatar gwaji ta fi masu gwada ta yawa. Akwai sashen kwamfuta na ma'aikatu da asibitoci, akwai cibiyoyin jarrabawar CBT, akwai samari uku ko huɗu a ɗaki guda da ke gina wa makarantun kuɗi shafin duba sakamako, ko su yi wa kantin magani manhajar lissafin kaya. Akwai kuma kamfanonin Abuja, Kaduna, Jos da Legas da ke karɓar ɗalibi yana gida, idan makarantarka ta yarda da hakan. Wannan ka tambayi ofishin SIWES naku tun da wuri, ba a fafe gora ranar tafiya.

Idan za ka kai takardar neman gurbi, kada ka kai ta tsirara. Ka buɗe shafin wurin ko manhajarsu, ka yi amfani da ita kamar kowane mai amfani, ka rubuta abubuwa uku da ba su tafiya daidai, ka haɗa da takardar. Kamar kowane mai amfani na ce. Ban ce ka gwada kutsawa inda ba a ba ka izini ba, wannan laifi ne a ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015. In ka samu ganin shugaban wurin, abin faɗa kaɗan ne: "Ranka ya daɗe, ban zo neman a ba ni in gina komai ba. Abin da kuka gina nake so a ba ni in nemo inda yake yoyo." Mai ƙaramin kamfani da abokan cinikinsa ke kiransa da ƙorafi tsakar dare zai saurare ka.

Makon farko ba na farautar kuskure ba ne. Ba za ka gane abu ya karkace ba sai ka san yadda miƙaƙƙensa yake. Ka nemi takardar da aka rubuta abin da manhajar za ta yi. A ƙananan wurare sau da yawa babu ita, tana cikin kan mutum ɗaya da kuma tsofaffin saƙonnin WhatsApp. In haka ne, ka zauna da mutumin, ka yi ta tambaya kana rubutawa: wa ke shiga, me zai iya gani, me aka hana shi, me zai faru in ya yi kuskure. Wannan rubutu kaɗai ya isa ya biya kujerar da suka ba ka. Sannan ka tambayi wurin gwaji, wato kwafin manhajar da aka ware domin a lalata. Kada ka taɓa gwaji a kan wadda jama'a ke amfani da ita, ko da oga ya ce ba komai. Kuma kada ka zuba bayanan mutane na gaske, NIN ɗin ƙanwarka ko BVN ɗin abokinka. Ka ƙirƙiro na bogi. Tun watan Yunin 2023 Nijeriya na da dokar kare bayanan jama'a, kuma ba ta ware ɗan IT ba.

Daga nan sai jadawalin gwaji. Excel ko Google Sheets ya wadatar. Kowane layi gwaji ɗaya ne: lambarsa, abin da ake gwadawa, matakan da za a bi, bayanan da za a shigar, abin da ya kamata ya faru, abin da ya faru a zahiri, sai hukunci, ya wuce ko ya faɗi. Gurbin "abin da ya kamata ya faru" ka cika shi kafin ka danna komai. Wanda ya danna tukun sannan ya rubuta, zuciyarsa za ta lallashe shi cewa abin da ya gani shi ne daidai.

Ba za ka iya gwada kowace lamba a duniya ba, don haka sana'ar ta koyar da wayo biyu. Na farko, ka kasa abubuwa gida-gida, ka ɗauki wakili ɗaya daga kowane gida. Na biyu, ka tsananta a bakin iyaka, domin nan masu rubuta manhaja suka fi tuntuɓe. A ce an rubuta cewa manhaja na karɓar biya daga Naira 100 zuwa Naira 50,000. Wanda bai iya ba zai sa 5,000, ya ga ta wuce, ya ce lafiya lau. Kai ka sa 99, da 100, da 101. Ka sa 49,999, da 50,000, da 50,001. Bambancin "ƙasa da" da "bai wuce" alama ce ɗaya tak a cikin rubutun manhaja, kuma ita ke hana mutum biyan 50,000 cif alhali an ce masa zai iya. Bayan nan ka sa sifili, ka sa lamba mai alamar ragi a gaba, ka sa haruffa, ka bar gurbin fanko, ka rubuta 50,000 da waƙafi sannan ba waƙafi.

Yanzu ga inda kai ɗan Bauchi ka fi wanda ke zaune a ofis mai sanyi a Lekki. Ka gwada sunayen mutanenmu. Sa'adatu, Mu'azu, Rabi'u, Isma'il: wannan 'yar alamar da ke tsakiyar sunan ta sha kayar da fom, domin a harshen rumbun bayanai ita ce ke buɗe zance da rufe shi. Fom ɗin da ya rikice saboda Mu'azu ba sunan kawai ya ƙi ba, alama ce cewa ɓarawon intanet ma zai iya shigo da umarninsa ta wannan ƙofa, don haka ka kai rahoton da gaggawa. Ka gwada Ɗanjuma da Ƙasimu da haruffansu masu lanƙwasa, ka bi sunan har kan rasit da takardar da ake bugawa, ka ga ko ya fito daidai ko ya koma alamar tambaya. Lambar waya a Nijeriya guda 11 ce kuma da sifili take farawa. Wani zai rubuta ta da +234 ya cire sifilin, wani ya bar shi, wani ya raba ta da tazara. Ka gwada duka. Ka kuma fitar da jerin zuwa Excel ka duba, domin Excel na da halin haɗiye sifilin farko, lamba 11 ta koma 10, saƙon makaranta ya daina isa ga iyaye ba wanda ya san dalili. Lambar asusun banki guda 10 ce, ita ma takan fara da sifili. A gurbin ranar haihuwa ka sa 29 ga Fabrairun 2024, ya kamata ta karɓa, sannan 29 ga Fabrairun 2023, ya kamata ta ƙi. Ka sa 03/04 ka ga ko ta ɗauke shi 3 ga Afrilu kamar yadda muke nufi, ko 4 ga Maris kamar na Amurka.

Sannan ka tashi daga kan kujera. Mai rubuta manhaja yana aiki da babbar kwamfuta da intanet mai ƙarfi, amma wanda zai yi amfani da ita yana tsaye a rana a shataletalen Wunti, da tsohuwar Itel ko Tecno mai fasasshen gilashi, ma'ajiyarta ta cika da bidiyon biki, batir saura kashi 6. Ka ari irin wannan waya. Ka fita da ita tsakar rana ka ga ko rubutu mai ruwan toka a kan fari na karantuwa. Ka shiga can cikin rumfunan kasuwa inda sabis ke ɗaukewa yana dawowa. Ka danna maɓallin biya, nan take ka kashe data, ka ƙirga goma, ka kunna. Me manhajar ta ce? An biya, ba a biya ba, ko ta yi ta juya wannan zoben ba iyaka? Ka sa wani ya kira ka kana tsakiyar cika fom, ka ga ko abin da ka rubuta na nan bayan ka ajiye. Ka danna maɓallin biya sau biyu da sauri, domin haka kowa ke yi in abu ya yi jinkiri, sannan ka duba ko sau biyu aka cire. In ba halin fita, ka danna F12 a Chrome, a sashen netiwok akwai inda za ka rage gudun intanet da gangan. Yana taimakawa, amma gani ya kori ji.

Kuskuren da ka kama, masu sana'ar na ce masa bog, wato ƙwaro. Kalmar ta girmi kwamfuta, sai dai a 1947 ma'aikatan wata kwamfuta a Jami'ar Harvard sun ciro ƙwaro na gaske daga cikinta suka manna shi a littafin aikinsu, abin ya zama labari. Kama ƙwaron rabin aiki ne. Sauran rabin, wanda da shi ake gane mai gwaji na ƙwarai, shi ne rubuta rahoton da wani zai bi ya ga abin da idonsa ba tare da ya kira ka ba. "Biyan kuɗi ba ya aiki" ba rahoto ba ne, ƙorafi ne. Ga yadda rahoto yake:

Take: Ana cire kuɗi sau biyu in an danna "Biya" sau biyu a kan intanet mai rauni. Wurin gwaji, fitowa ta 1.4, wayar Android mai ƙwaƙwalwar giga 2. Matakai: shiga da asusun gwaji na uku, zaɓi kuɗin zangon farko, rage gudun intanet, danna "Biya" sau biyu cikin daƙiƙa ɗaya. Abin da ya kamata: a cire sau ɗaya, maɓallin ya kulle bayan dannawar farko. Abin da ya faru: an cire sau biyu, rasit ɗaya ya fito. Na gwada sau 10, ya faru sau 7. Ga sikirinshot, ga bidiyon fuskar waya.

Ka lura babu sunan kowa a ciki, babu "kamar", babu hasashen dalili. Kuskure ɗaya, rahoto ɗaya, kada ka cusa uku a buhu guda. Ko Jira wurin ke amfani da shi, ko Trello, ko jadawali kawai, zubin ɗaya ne. Za a kuma ce ka auna shi ta fuska biyu da ɗalibai ke yawan cakuɗawa: girman ɓarnarsa, da gaggawar gyaransa. Sunan makaranta da aka rubuta ba daidai ba a shafin farko ba ya lalata komai, amma mai makarantar zai gani gobe da safe, don haka gyaransa na yau ne. Rahoton ƙarshen shekara da ke rushe manhajar gaba ɗaya babbar ɓarna ce, amma in a watan Fabrairu ake, zai iya jiran mako biyu. Girman ɓarna kai ke faɗa. Gaggawa ta shugaban aiki ce.

Amsar da za ka fi ji daga mai rubuta manhaja ita ce: "Ni a kwamfutata yana aiki." Kada ka yi fushi, sau da yawa gaskiyarsa ce, kuma bambancin kwamfutarsa da wayarka shi ne bakin zaren. Ka ɗauki wayar ka je teburinsa: "Yaya, in kana da minti biyu in nuna maka." Ni kaina na taɓa shan kunya a farkon shigata wannan aiki. Na rubuta rahoto mai zafi a zauren WhatsApp na ofis, kowa na gani har da oga, cewa gyaran da aka ce an yi ba a yi ba. Wanda na ɗora wa laifin bai ce uffan ba, ya taso ya karɓi wayata, ya nuna mini lambar fitowar da ke ƙasan shafi. Tsohuwar manhajar nake ta gwadawa tun safe, ban sauke sabuwar ba. Laifi tudu ne. Tun ranar, kafin in rubuta komai sai na duba lambar fitowa, na share abin da burauza ta adana, na sake gwadawa sau biyu.

In an ce an gyara, ka bi matakan rahotonka daki-daki ka tabbatar, sannan ka gwada maƙwabtan wurin. Gyaran rufin ɗaki kan fasa na kusa da shi. Wanda ya kulle maɓallin biya bayan dannawar farko, ƙila ya manta buɗe shi in biyan ya faɗi, sai mutum ya rasa yadda zai sake gwadawa. Shi ya sa ake ware jerin gwaje-gwajen da ake maimaitawa duk lokacin da za a saki sabuwar fitowa, komai ƙanƙantar canjin. Aiki ne mai gundura, kuma shi ake fara yankewa in lokaci ya ƙure. Ranar 19 ga Yulin 2024 wani ɗan sabuntawa da kamfanin CrowdStrike ya tura ya durƙusar da kwamfutoci masu Windows kimanin miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi, asibitoci suka koma biro da takarda. Rokar Ariane 5 ta Turai kuwa, da ta tarwatse ƙasa da minti ɗaya bayan tashinta ranar 4 ga Yunin 1996, wani sashe na manhajarta gado ne daga Ariane 4, inda ya yi shekaru yana aiki lafiya. Sabuwar rokar ta fi gudu, wata lamba ta fi ƙarfin gurbin da aka tanadar mata. An amince da shi ne saboda jiya ya yi aiki.

Wajen wata na uku, hannunka ya faɗa, sai ka leƙa bayan labule. Ka sauke Postman ka koyi aika buƙata kai tsaye zuwa saba, wato kwamfutar da ke amsa wa manhajar daga baya, ba ta fuskar manhaja ba. Ka haddace 'yan lambobin amsa: 200 lafiya, 400 buƙatarka ce ba daidai ba, 401 ba a san ka ba, 404 babu abin, 500 sabar ce ta rikice. A nan za ka gano cewa fom ya hana 50,001 a fuska, amma sabar ta karɓa hannu bibbiyu. Ka roƙi izinin karanta rumbun bayanan gwaji, ka koyi SQL gwargwadon ɗauko layi ka kwatanta da abin da fuska ta nuna.

Gwaji mai sarrafa kansa, da Selenium ko Playwright ko Cypress, shi ne abin da kowane ɗalibi ke ɗoki tun ranar farko, domin shi ya fi kama da "aikin kwamfuta". Ra'ayina ka bar shi sai wata na biyar. Na'ura na maimaita abin da ka umarce ta ne da sauri, ba ta san ta tsaya a rana a Wunti ba. In lokacin ya yi, ka ɗauki gwaji uku mafi gundura a jerin maimaici, shiga, fita, da biya mai sauƙi, ka mayar da su rubutu. Uku masu aiki sun fi talatin da ke karyewa duk mako.

Logbuk kuwa ka cika shi kullum kafin ka tashi, da lambobi. "Na yi gwaji" ba ya gaya wa kowa komai. Ka rubuta: na gudanar da gwaji 24 a sashen rajista, 5 sun faɗi, na kai rahoto 4, ɗaya an riga an san shi. Mai kula da kai a wurin aiki ya sa hannu duk mako, kada ka tara masa na wata uku. A shafin zane ka zana tafiyar kuskure daga sabo zuwa an gyara, an sake gwadawa, an rufe, ko an sake buɗewa. Malamin da makaranta za ta turo duba ka ba lallai ya sanar da ranar zuwansa ba. Kuɗin Keke da data kuma ka tanade su daga gida, kada ka gina lissafinka a kan alawus.

In kana son takardar shaida ta duniya, akwai ta ISTQB matakin farko: tambaya 40, ana cin ta da 26, kuma tsarin karatunta kyauta ne a intanet, ko ba ka da kuɗin jarrabawar yanzu ka karanta. Shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta fara a 2023 shi ma ya sa gwajin inganci cikin fannonin da yake koyarwa.

Saura mako biyu ka gama, ka sa a cika maka Form 8 na ITF a buga hatimi, ka nemi wasiƙar shaida mai ɗauke da abin da ka yi a zahiri, ba "ya yi IT a nan" kawai ba. Ka tambayi oga rahotanni nawa ya yarda ka nuna a wajen kare rahotonka da wajen neman aiki, ka goge sunan abokin ciniki da duk wata lamba ta gaske daga ciki. Sannan ka gyara jadawalin gwajin nan tsaf, ka rubuta shafi ɗaya a samansa: asusun gwaji da kalmomin sirrinsu, wayoyin da ka gwada da waɗanda ba ka samu ba, kurakuran da har yanzu suke buɗe, da wanda yakan fito sau 2 cikin 10 ka kasa gano dalilinsa. Ka miƙa wa wanda zai gaji kujerar, tare da cajar tsohuwar Itel ɗin da ka ara kana gwaji da ita.